Takardar Albashin Baba

Ranar ashirin da takwas ga wata
Baba kan dawo da ita a ninke huɗu
cikin aljihun rigar aiki,
gefenta ya sha baƙin mai.
Sai ya ce, "Ladidi, zo ki ara mini ido."

Nasa idon, wutar walda ta cinye rabi.
Shekara ashirin da uku yana haɗa gangar jikin bas
a wata masana'anta can hanyar Bukuru,
ƙarfe na tartsatsi, shi yana kallo,
har magariba ta fara zuwar masa tun la'asar.

In zauna bakin tabarma, in karanta.
Gundarin albashi: ya gyaɗa kai.
Kuɗin haya: ya ja tsaki,
"Mai gidan nan na Rikkos bai san da wannan lissafi ba."
Kuɗin mota: Inna ta yi dariya daga bakin murhu,
"Mai ƙera bas, an ba shi na hawa keke."
Aikin bayan tashi: awa goma sha ɗaya.
Ya ƙirga a yatsu, ya ce sha uku ne,
gobe zai ga akawu.

Sannan layin da yake jira.
Kuɗin asibitin ido.
"Maimaita."
Na maimaita.
"A hankali, ba tsere ake ba."

Saboda layin nan guda
suka ajiye guduma kwana goma sha tara,
suka zauna bakin ƙofa
cikin sanyin Jos mai shiga ɓargo,
buta ɗaya ta shayi, mutum tamanin.
Mu a gida gwate muka sha safe da dare,
ya yi ta tsinkewa
har kana ganin fuskarka a kwano.
Inna ta kai keken ɗinkinta Taminus,
ba ta faɗa ba sai da aka koma aiki.

Davou ne ya riƙe takardar buƙatu,
mai fenti, mai tari kamar injin da ya sha ruwa.
Shi ya dubi manaja ya ce,
"Kowace bas ta fita nan da garantin shekara biyu.
Mu namu na wata nawa ne?"
Aka sa hannu ran Alhamis.
Wata huɗu bayan nan aka kai Davou Du,
Baba ya tsaya bakin kabari da sauran 'yan ƙungiya,
ya dawo bai taɓa tuwo ba.

A ƙasan takarda akwai abin da ake zarewa:
haraji, fansho,
kuɗin ƙungiya.
Inna kan ce wannan ai mudu biyu ne na acca.
Baba kan ce, "Bar shi, Kande,
noti ɗaya ba ya riƙe taya."

Wani watan ya zo da Nanle,
yaron da ke miƙa masa ƙarfe,
ɗan wucin gadi, ba suna a littafi,
a tafin hannu ake ƙirga masa ladansa ran Asabar.
Ya sa na karanta tun daga sama.
Nanle na jujjuya hula, bai ce uffan ba,
sai da zai tafi ya tambayi
ranar da ake taro.

Bara tabarau ya iso,
mai kauri kamar gindin kwalba.
Na kama shi yana karanta takardar magani shi kaɗai,
har ƙananan rubutun.
Amma ranar ashirin da takwas
ya cire shi, ya ajiye kan rediyo,
ya ce, "Ladidi."

Yanzu idan na hau bas zuwa Farin Gada
nakan laluba ƙarƙashin kujera,
inda ƙarfe ya haɗu da ƙarfe.
In na ji ɗinkin ya tafi sumul, ba ƙulli,
nakan bar hannuna a wurin
har kwandasta ya ce, "Kuɗinki fa?"